Babi na Bakwai: Jenny Aker da Kuɗin Rashin Sani

Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram tana ratsa Birnin Konni, ta wuce Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu, ta bi ta Malbaza da Galmi, sannan ta miƙe zuwa Madawa da Maraɗi. Masana'antar siminti, wadda ta fara aiki tun cikin shekarun 1960, ita ta fitar da sunan Malbaza, amma yawancin mutanen yankin da gona da kasuwa suke rayuwa. Albasar Galmi tana kaiwa har Abijan da Akara. Gero da dawa da wake kuwa suna yawo daga kasuwar ƙauye zuwa ta gari, wani lokaci su tsallaka Illela ta jihar Sakkwato, wani lokaci daga can su shigo, gwargwadon inda farashi ya karkata. Kowace kasuwa da ranar cinta, kowace rana da farashinta.

A irin wannan yanki akwai tambayar da kowa ya saba da ita har ya daina yi. Me ya sa buhun gero iri ɗaya, a mako ɗaya, zai yi araha a wannan kasuwa ya yi tsada a waccan, alhali tazarar farashin ta fi kuɗin mota da na dako nesa ba kusa ba? In da akwai riba a fili haka, me ya hana wani ya kwaso daga inda ya yi araha ya kai inda ya yi tsada, har farashin biyu su kusanci juna?

A babin da ya gabata mun ga Polly Hill, wadda ta zauna Batagarawa ta ƙasar Katsina tana bin gonaki da rumbuna gida-gida. Wadda za mu duba yanzu ta zo bayanta da shekara kusan arba'in, da wasu kayan aikin dabam. Jenny Aker Ba'amurkiya ce, farfesar tattalin arziki, kuma mafi yawan sunan da ta yi a duniyar ilimi a kasuwanni da ƙauyukan Nijar ta yi shi. Ana iya tattara aikinta duka a tambaya guda: nawa rashin sani yake ci wa talaka, kuma in an sauƙaƙa masa samun labari, wa ke cin ribar?

Daga rabon agaji zuwa jami'a

Aker ba ta aji ta fara sanin Afirka ta Yamma ba. Bayan karatunta a Jami'ar Duke da makarantar Fletcher ta Jami'ar Tufts, ta yi aiki da ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services, wadda aka fi sani da CRS, daga 1998 zuwa 2003, har ta zama mataimakiyar daraktan yankin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Aikin ya ƙunshi kula da shirye-shiryen cimaka da noma da lafiya a ƙasashe da dama.

Ma'aikacin agaji yana raba abinci, yana gina rijiya, yana rubuta rahoto cewa mutum dubu kaza sun amfana. Abin da rahoton ba ya iya faɗa shi ne yadda waɗannan mutane za su kasance da ba a yi aikin ba. In damina ta yi kyau bayan an raba iri, irin ne ya yi aiki ko ruwan? Neman hanyar amsa irin wannan tambaya shi ne babban aikin masanan tattalin arzikin raya ƙasa na zamaninta. Aker ta koma karatu a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, ta kammala digirin digirgir a fannin tattalin arzikin noma a 2008. Ta ɗan yi aiki a cibiyar bincike ta Center for Global Development a Washington, sannan ta fara koyarwa a Tufts a 2009, inda ta kai matsayin farfesa. Daga baya ta koma Jami'ar Cornell.

Shekarar da buhu ya gagara

Lokacin da take tattara bayanan digirinta ya faɗo kan ɗaya daga cikin shekaru mafi tsanani da Nijar ta gani a wannan ƙarni. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri a wurare da yawa, fara kuma ta sauka. Zuwa tsakiyar 2005 farashin gero ya yi tashin da bai taɓa yi ba, asibitocin yara masu tamowa suka cika a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, yayin da Shugaba Tandja Mamadou yake musanta cewa akwai yunwa a ƙasar.

Bakin jama'a ya fi karkata kan 'yan kasuwa: su suka ɓoye hatsi a shaguna, su suka haɗa baki. Aker ta bi alƙaluman farashi na hukumar SIMA, wadda ke tattara farashin kayan gona a kasuwannin Nijar, ta kuma yi hira da 'yan kasuwar hatsi a jihohi da dama. Hoton da ya fito mata ya fi wannan zargi faɗi. Giɓin amfanin gona na ƙasa baki ɗaya bai kai na wasu munanan shekarun baya ba. Matsalar ita ce farin ya taɓa yankunan da suka saba ciyar da sauran, kuma a daidai lokacin farashi ya hau a arewacin Najeriya. A shekarun da aka saba, in hatsi ya yi ƙaranci a Nijar, motoci kan shigo da shi ta Illela da Jibiya da Mai'adua. A 2005 babu ribar shigo da shi, sai ƙofar da aka saba samun sauƙi ta rufe. Shawarar da ta bayar ita ce masu hasashen yunwa su daina tsayawa kan ƙidayar dammunan da aka girbe a cikin gida kaɗai, su riƙa sa ido kan farashin kasuwannin ƙetaren iyaka tun lokacin kaka.

Wannan ya yi daidai da abin da Amartya Sen, masanin Indiya da ya ci kyautar Nobel, ya nuna tun 1981: ana iya mutuwa da yunwa kasuwa na cike da abinci, in abin da ke hannun mutum bai isa ya saya ba. Makiyayin da ragonsa ya rame ya faɗi a kasuwa, gero kuma ya ninka, shi ne shaidar wannan magana.

Salula ta shigo kasuwa

A cikin wannan aiki ne Aker ta lura da wani canji da ke gudana a hankali. Wayar salula ta shigo Nijar a 2001, kamfanonin Celtel da Sahelcom da Telecel suka riƙa kafa eriya gari bayan gari. Kafin nan wayar girke a manyan birane kaɗai take, ita ma ƙalilan. Ɗan kasuwar da ke son sanin farashi a wata kasuwa, ko dai ya hau mota ya je da kansa, ko ya jira direba ko wani ɗan'uwa ya dawo da labarin da ya riga ya kwana, ko ya saurari farashin mako a rediyo. Kowace hanya da kuɗinta: kuɗin mota, yinin da aka rasa, da hasarar da ke biyo bayan saye a kan tsohon labari. Tun 1961 wani masani Ba'amurke, George Stigler, ya rubuta cewa neman farashi shi kansa sayayya ce mai cin kuɗi, kuma inda neman ya yi tsada, dole farashi ya warwatse. Hausawa sun riga shi da cewa rashin sani ya fi dare duhu. Abin da ya rage shi ne a auna duhun.

Dabarar Aker ta dogara ne kan cewa layin bai zo ko'ina rana ɗaya ba. Wata kasuwa ta samu a 2002, wata sai 2005, wata har 2006 ba ta samu ba. Sai ta ɗauki farashin gero na wata-wata a kasuwanni da dama daga 1999 zuwa 2006, ta jera su biyu-biyu. Ga kowace kasuwa biyu ta duba tazarar farashinsu kafin dukansu su sami layi da kuma bayan sun samu, ta kwatanta da kasuwannin da a wannan lokacin ba su samu ba tukuna. In fari ne ko tsadar man fetur ya motsa farashi, zai taɓa masu layi da marasa layi tare. Abin da ya saura bayan an cire wannan, shi ne aikin salula.

Sakamakon, wanda ya fito a 2010 a ɗaya daga cikin mujallun ƙungiyar masana tattalin arziki ta Amurka, ya nuna salula ta rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Tasirin ya fi ƙarfi tsakanin kasuwanni masu nisa da waɗanda hanyarsu ba kwalta, wato inda zuwa a gani da ido ya fi tsada. Ya kuma ƙaru yayin da kasuwanni masu layi suka yawaita, tunda waya ba ta da amfani in babu wanda za a kira a ɗaya gefen. 'Yan kasuwa masu salula sun riƙa tambayar farashi a kasuwanni da yawa fiye da da, suna kuma sayarwa a wurare da yawa.

Shekara uku kafin nan Robert Jensen ya nuna irin wannan ga masunta a jihar Kerala ta Indiya. To amma kifi ɗanye ba ya kwana, ba abin mamaki ba ne labarin gaggawa ya yi masa amfani. Gero kuwa yana shekara a rumbu, ga shi a ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita sama da miliyan ɗaya da ƙarancin hanyoyi. Shi ya sa binciken Nijar ya ja hankali. A wannan shekarar ta 2010 ita da Isaac Mbiti suka rubuta wata maƙala kan salula da ci gaban tattalin arzikin Afirka, wadda ta zama cikin waɗanda aka fi ambatawa a fannin. Duk da ɗokin da ake yi a lokacin, sun ja kunne cewa waya ba za ta maye gurbin hanya da wutar lantarki da makaranta ba.

Manomi fa?

Mai karatu a ƙauye irin Gidan Idar ko Dogarawa zai ce: to, ɗan kasuwa ya samu, ni manomi me na samu? Aker ta koma kan wannan tambaya tare da Marcel Fafchamps, suka duba farashin da ake biyan manomi. Amsar ba ta da daɗin ji sosai. A kan wake, wanda ƙwari ke ci in ya jima a ajiye, salula ta rage tazarar farashi tsakanin kasuwanni da kusan kashi 6 cikin 100. A kan gero da dawa ba su ga wani canji ba. Kuma ba su ga matsakaicin kuɗin da ke shiga aljihun manomi ya ƙaru ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san ƙauye. Manomin da ya ji cewa tiya ta fi tsada a Konni, amma tiya goma ce kacal a hannunsa, kuɗin mota zai cinye bambancin. Wanda ya ci bashi da bazara a kan zai biya da kaka, ya riga ya sayar tun hatsin na gona. Wanda matarsa ta haihu jiya, suna na nan da kwana shida, ba zai jira farashin watan gobe ba. Labari yana amfanar wanda ke da halin yin aiki da shi. Ɗan kasuwa na da jari da mota da shago, manomi kuwa sau da yawa jin labarin ne kawai nasa. Darajar Aker a nan ita ce ta wallafa sakamakon da ya rage wa nata binciken na farko armashi.

Iyakoki biyu

Binciken da ya fi shafar mutanen Konni kai tsaye shi ne wanda ta yi da Michael Klein da Stephen O'Connell da Muzhe Yang, ya fito a 2014. Sun ɗauki farashin gero da wake a kasuwannin da ke gefe biyu na iyakar Nijar da Najeriya, suka tambaya: in an cire nisa da kuɗin sufuri, nawa iyakar ita kanta take ƙarawa? Suka sami tsalle na kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100 tsakanin kasuwannin da iyaka ta raba. Cikin wannan akwai canjin sefa da naira, da kwastan, da shingaye, da abin da ake miƙawa a shingayen.

Amma tsallen yana raguwa ƙwarai inda al'umma ɗaya ce ke zaune a gefe biyu, kamar yadda Hausawa suke daga Konni zuwa Illela. Sai suka juya cikin Nijar kanta, suka duba inda ƙasar Hausa ta haɗu da ta Zabarmawa, wurin da babu kwastan, babu canjin kuɗi, tuta ɗaya ce. Suka tarar da tsallen farashi da girmansa ya yi kusa da na iyakar ƙasa da ƙasa.

Bayanin da suka bayar ya tsaya kan harshe da bashi. Cinikin hatsi ba duka hannu da hannu ake yin sa ba. Babban ɗan kasuwa yana ba ƙarami buhuna ya sayar ya kawo kuɗi kasuwa mai zuwa. Dillali yana tsaya wa baƙo. Ana loda mota a kan magana ta waya, babu takarda. Duk wannan amana ce ke riƙe da shi, amana kuwa tana da sauƙi inda aka san gidan mutum, aka san limamin unguwarsu, aka san wanda za a kai wa ƙara in ya saɓa. Inda babu wannan sanayya, kowa sai ya ƙara wani abu a kan farashi don kare kansa. Abin da binciken ya fito da shi shi ne layin da Faransa da Ingila suka ja a takarda yana da tsada, amma rashin kotu da banki da kowa zai dogara da su shi ma yana da tasa tsadar, kuma mai saye ne ke biyan duka biyun.

Jika ashirin da biyu a jihar Tawa

Daminar 2009 ma ta gaza. Sojojin da suka karɓi mulki a Fabrairun 2010 ƙarƙashin Salou Djibo sun amsa cewa akwai matsalar cimaka, ƙungiyoyin agaji suka shigo. Ƙungiyar Concern Worldwide ta ƙasar Ayilan ta shirya raba kuɗi a jihar Tawa ga gidaje kusan dubu goma, kimanin sefa 22,000 a wata har wata biyar, a hannun mata. A farkon wannan shekarar ta 2010 kamfanin Zain ya buɗe hanyar aika kuɗi ta salula mai suna Zap, irin M-Pesa da Kenya ta fara a 2007.

Aker da abokan aikinta, Rachid Boumnijel da Amanda McClelland da Niall Tierney, suka raba ƙauyuka 96 gida uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi na farko suna karɓar kuɗi a ambulan, a wurin rabo. Na biyu an ba su salula, kuɗin na zuwa ta Zap. Na uku an ba su salula, amma kuɗin a ambulan suke karɓa. Wannan kashi na uku shi ne hikimar aikin, domin da shi za a bambance amfanin mallakar waya da amfanin hanyar da kuɗin ya bi. Ƙuri'a kuwa ita ke tabbatar da cewa ba ƙauyukan da suka fi wayewa ko kusa da kwalta aka zaɓa wa sabon tsarin ba. Irin wannan gwaji ne ya kai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer ga kyautar Nobel a 2019.

Kuɗin ɗaya ne ga kowa, amma sakamakon ya bambanta. Gidajen Zap sun fi cin abinci iri-iri da kashi 9 zuwa 16 cikin 100, yaransu kuma sun sami ƙarin kusan sulusin ci ɗaya a yini. Sun fi shuka kuɓewa da gurjiya, waɗanda amfanin gonar mata ne. Masu binciken sun kawo dalili biyu. Na farko lokaci: rabon ya faɗo cikin damina, mai karɓar ambulan sai ta yi tafiya ta bi dogon layi ranar da aka sa mata, mai Zap kuwa wakilin kamfani na kusa da ita, ta je lokacin da ta ga dama. Na biyu sirri: ranar rabon ambulan gari duka ya san wance ta dawo da kuɗi, saƙon Zap kuwa a wayarta yake sauka, ta sami damar yin shawara da maigida kafin labari ya bazu, bakinta ya ƙara nauyi kan abin da za a saya.

Akwai abin da wayar ba ta canza ba. Kusan dukan matan sun cire kuɗinsu gaba ɗaya da zarar ya shigo, ba su mai da wayar asusun ajiya ba. Akwai kuma abin da irin wannan awo ba ya gani sosai. Masu binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, ƙarƙashin Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun zauna a ƙauyukan da ake rabon kuɗi a Nijar, suka nuna yadda jama'a ke zargin son kai wajen zaɓen masu karɓa, yadda kuɗin da aka ba mace yake komawa hannun miji, da yadda a wasu wurare ake tattara shi a sake rabawa bayan motar ƙungiya ta tafi. Alƙaluma suna faɗin yawan abin da ya faru, zama da mutane yana faɗin yadda ya faru. Mai son gaskiyar lamarin yana bukatar duka biyun.

Allo da fako

Tsakanin 2009 da 2010 Aker ta yi wani gwajin da CRS a ƙauyuka sama da ɗari na jihohin Doso da Damagaram, tare da Christopher Ksoll da Travis Lybbert. Azuzuwan yaƙi da jahilci na manya ne, cikin Hausa da Zabarmanci. A rabin ƙauyukan an ƙara darasin amfani da salula: gane lambobi, rubuta saƙo, karanta amsa. Ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Tsohuwar matsalar yaƙi da jahilci ita ce a koya a manta, don babu abin karantawa a ƙauye. Mutumin da ɗansa ke ci-rani a Legas ko Libiya yana da dalilin rubutu kullum, tunda saƙo ya fi kira araha.

Daga baya aikinta ya bar waya ya koma ƙasa, kan dabarar rabin wata. Rabin wata rami ne mai siffar sunansa da ake haƙawa a fako da rani, bakinsa na fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a tara ƙasar a bayansa ta tare ruwan ya nutse. Ana son 250 zuwa 300 a kadada ɗaya. An daɗe da sanin amfaninsa, amma manoma kaɗan ke yin sa a gonakinsu, akasari sai in aikin gayya ne da ƙungiya ke biya. Zaton da ya fi yawa shi ne rashin kuɗi ne, domin aikin na da wuya. Daga 2018 Aker da Kelsey Jack suka gwada a ƙauyuka 180 na jihar Damagaram: wasu horo kawai, wasu horo da kuɗi, wasu babu komai. Horon kaɗai ya sa fiye da kashi 90 cikin 100 na manoman suka haƙa. Ƙarin kuɗi bai kawo wani bambancin a-zo-a-gani ba da tafiya ta yi nisa. Amfanin gona ya ƙaru, kuma bayan shekara uku ana ci gaba da aikin.

Mutanen gundumar Illela ta Nijar ba za su yi mamakin wannan ba. A 1989 wani shiri na asusun raya noma na FIDA ya kai wasu manomansu yankin Yatenga na Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramukan shuka a zuba taki. Suka dawo suka gwada, dabarar, wadda ake kira tassa, ta bazu daga gona zuwa gona, har fakon da da ba mai so a wajen Badagishiri ya zama abin saye da sayarwa. Gani ya kori ji. Abin da Aker da Jack suka ƙara shi ne hujjar da ma'aikatar noma da masu ba da tallafi za su iya lissafa kasafi a kanta.

Abin da ya rage a auna

In aka jera ayyukan nan, darasi ɗaya ke fitowa. Kafin a kashe kuɗi a kan magani, a fara gano abin da ya tare hanya. Ga ɗan kasuwar hatsi, labari ne ya yi tsada, salula ta sauƙaƙa. Ga ƙaramin manomi, jari da bashi ne suka ɗaure shi, salula ba ta kwance ba. Ga mai fako, kowa ya ɗauka kuɗi ne, ashe nuni ne. Ba a gane ko ɗaya daga cikin waɗannan daga ofis, kuma a biyu cikin ukun zaton masu ilimi ya kuskure.

Yankin Malbaza cike yake da tambayoyin da suka cancanci irin wannan awo. Albasa tana faɗuwa warwas lokacin cira, ta ninka bayan wasu watanni. Me ya fi hana manomi ajiyewa, ruɓewa a rudu ko bashin da ke wuyansa? Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Wa ya ɗauki nauyin waɗannan rufe-rufe tsakanin manomin wake, mai sayen gero da direba? Tashar wutar hasken rana da aka buɗe a Malbaza a 2018 da sabuwar masana'antar siminti, me suka canza a kuɗin ƙwadago da hayar gida a garin?

Kayan aikin ba su fi ƙarfin kowa ba. Farashin SIMA na nan a rubuce shekara da shekaru. Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai da Jami'ar Tawa suna yaye ɗaliban tattalin arziki, haka Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A binciken Aker na ƙauyukan Nijar, 'yan ƙasa ne suka shiga ƙauyuka da takardun tambaya, suka yi hirar da harshen mutanen, suka kawo amsoshin da aka gina lissafi a kansu. Kuma binciken iyaka ya nuna cewa harshe da sanayya suna rage tsadar mu'amala tsakanin mutane. Ɗalibin da ya tashi a Galmi ko Konni yana da wannan jari tun daga gida. Abin da zai koya daga Jenny Aker shi ne ya ɗauki tambaya ƙarama wadda za ta amsu, ya nemi abin kwatantawa kafin ya yanke hukunci, ya kuma wallafa abin da ya samu ko da ya saɓa wa abin da ya so.